Gargasar Baba Tsakanin Tauraro da Kwalba

Tiya uku ce ta rage mana, a cikin wata tsohuwar tukunya da matata Larai ta liƙe bakinta da laka. Irin gargasa ne, geron nan mai gashi a zangarniya wanda tsuntsu ba ya iya sauka a kai. Amma tamu ba irin wadda ake samu a kasuwar Moriki ba ce. Baba ya yi shekara arba'in yana zaɓen kawunanta da hannunsa, yana ware masu tsawo da cika, har ta zama tasa. A ƙauyenmu, kusa da Birnin Tsaba, in an ce gargasar Baba kowa ya san abin da ake nufi.

Shekara biyu da sunka wuce 'yan bindiga sunka shigo mana da la'asar. Munka fita da rai, sunka sa wa rumbuna wuta. Ni na ɗauki tsohuwarmu a baya. Larai, maimakon ta ɗauki akwatin tufafinta, sai ta rungumo tukunyar iri. A hanya na yi mata faɗa. Yau in na tuna faɗan nan kunya nake ji.

Munka zauna Kaura Namoda. Na shiga tasha ina lodin buhuna a motocin Shinkafi. Shekara biyu ba mu da gona. Sai bana wani bawan Allah ya ara mana wata jigawa a hanyar Kasuwar Daji, ba ta da girma amma ta isa tiya uku.

Iri ba ya jiran mutum har abada. Cikin bazara Larai ta fasa lakar, ta ƙirga ƙwara ashirin ta naɗe a jiƙaƙƙen tsumma. Bayan kwana huɗu sha uku sunka tsiro, bakwai sunka ruɓe. Ta kawo mani tsumman ta shimfiɗa a gabana. Na gane. In ba mu shuka bana ba, baɗi sai dai mu yi fura da shi. In kuma munka shuka ya bushe a ƙasa, shi ke nan, babu inda za a je a samo wani. Shuka ɗaya gare mu.

Yayana Malam Na'Allah shi ne babban gida tun rasuwar Baba. Shi ya gaji littafin hisabi, wasu tsofaffin takardu cikin gafaka, inda aka jera taurari ashirin da takwas na shekara, kowane da kwanakinsa sha uku. Bakwai na bazara, bakwai na damina, bakwai na kaka, bakwai na sanyi. Na farkon damina shi ake kira Haƙ'a. A gidanmu kuma al'ada ce, babba ne yake yin saran farko ranar shuka. Ƙane ba ya sa sungumi a ƙasa kafin wansa.

Haƙ'a ta shiga ran talatin ga Mayu a kalandar da ke rataye a tasha. Washegari da yamma anka yi ruwa. Ya zo da iska da ƙara, ya kwantar da ƙura, yara sunka fita suna tsalle a cikinsa. Gari ya yi ƙamshi.

Da safe ina shan koko a ƙofar gida sai ga Yaya da sungumi a kafaɗa, ya naɗe ƙafar wando.

"Gwadabe, tashi. Ka ce ma Larai ta hiddo tukunya."

Na gaishe shi tukuna, na tambayi iyali. Sannan na ce, "Yaya, ina za mu da tukunya?"

"Ina za mu? Kai ba ka ji ruwa ba jiya? Haƙ'a na kwana uku yau. Damana ta shiga, ruwa ya sauka. Mi kake jira, takarda daga gwamna?"

Na buɗe baki ke nan sai ga mashin ya tsaya. 'Yata Maijidda ce ta sauko. Tana aure a nan Kaura, tana aiki da malaman gona. Aikinta na farko kowace safiya shi ne ta je bayan ofishinsu ta duba wata kwalba mai zane-zane da anka kafa a kan ƙarfe, ta rubuta yawan ruwan da ya taru. Su ma'aunin ruwan sama suke ce mata. Ni kwalba na sani.

Ta durƙusa ta gaishe mu. Da ta ga sungumin sai ta dube ni.

"Baba Malam, ba dai shuka za ku ba?"

"A'a, biki za mu," in ji Yaya. "Ke ma kin zo da naki wa'azin?"

"Milimita tara anka yi jiya, Baba Malam. Tara kacal. Kuma masu hasashen yanayi sun ce daminar wannan yanki sai wajen ashirin da uku ga Yuni za ta zauna. Sun ce akwai tsayawar ruwa a tsakani."

Yaya ya jingina sungumi da bango, ya zauna a kan dakali. In zai yi gardama zama yake yi.

"Ɗiyata, in tambaye ki. Wa ya halicci taurari?"

"Allah."

"Wa ya halicci kwalba?"

"Kamfani, Baba Malam," ta ce tana dariya. "Amma ruwan da ke cikinta ai ba kamfani ya zuba ba."

Larai da ke bayan ƙyaure ta yi tari don ta ɓoye dariyarta. Yaya bai yi dariya ba.

"Tun kakan kakanmu da wanga lissafi ake noma. Sha bakwai ga Mayu a ƙidayarmu ta malamai, talatin a taku, Haƙ'a ta shiga. Bara haka, bana haka, baɗi haka. Bai taɓa kuskure ko da kwana guda ba. Ku kuwa naku bara kun ce sha takwas, bana kun ce ashirin da uku. Lissahin da ke canza baki kowace shekara, shi zan bi?"

Ni ma wannan ta daɗe tana damuna, sai na ce, "Maijidda, ba shi amsa. Kuma ki yi Hausa, ban son turancin ofis."

Ta gyara mayafinta. "Baba Malam, lissafinku daidai ne. Ba ya kuskure saboda ba ruwa yake ƙirgawa ba. Tafiyar rana yake bi. Yana faɗa maka inda rana ta kai a zagayenta na shekara, ita kuwa ba ta latti. Shi ya sa ranar da Haƙ'a ta shiga a Zurmi, ranar ta shiga a Zariya, ta shiga a Agadas. To amma ruwan Zariya da na Agadas rana ɗaya suke farawa?"

Ta ci gaba.

"Mu namu, abin da ya sauka a ƙasa muke aunawa. Ba ma cewa damina ta zauna sai an sami kamar milimita ashirin cikin kwana biyu ko uku, kuma ruwan bai ɗauke ya daɗe ba bayan nan. An tara na shekara talatin ana dubawa, sannan a duba yanayin bana. Dole ya riƙa motsi, don ruwan ma motsi yake. Ko turawa haka suke fama. Masu kallon rana su ce lokacin zafinsu yana farawa wajen ashirin da ɗaya ga Yuni, ranar da yini ya fi tsawo. Masu auna yanayi su ce a'a, ɗaya ga Yuni, don su sami wata uku cur su gwada bara da bana. Ƙasa ɗaya, rana biyu. Ba wanda ya yi ƙarya, tambayar ce ba ɗaya ba."

"To su turawan su ci gaba da rikicinsu," in ji Yaya. "Ni gero zan shuka. Gwadabe, tukunya."

Na ajiye kofin koko. Na ce, "Mu je gonar tukuna. Ba da iri ba."

Munka tafi mu uku, Yaya a gaba yana sauri kamar ba shi ne mai ciwon gwiwa ba. A hanya duk mutane sun fito. Sule maƙwabcin gonarmu, wanda muke lodi tare a tasha, har ya yi rabin tasa, matarsa na bin sa da ƙwarya tana jefa iri tana takewa da diddige.

Na shiga tsakiyar jigawar na durƙusa na tona da hannu. Sama-sama ƙasa ta yi duhu, ta yi sanyi. Da yatsuna sunka nutse zuwa gaɓa ta biyu sai na ci karo da busasshen rairayi, fari, mai ɗumi kamar toka. Na matsa gaba na sake tonawa. Haka. Na je gindin wata sabara. Haka.

Na ɗebo busasshen na zuba wa Yaya a tafin hannu.

"Ga damanarka."

"Wani ruwan na bisa hanya."

"Wa ya hwaɗa maka? Littahi ya ce Haƙ'a ta shiga, na yarda. Ya ce za a yi ruwa jibi?"

"Gwadabe, da ni kake wanga magana?"

"Da kai nake, Yaya. Da binne ne ma a busasshiyar ƙasa, da sauƙi, iri zai kwanta ya jira. Amma wagga laima ta isa ta tada shi, ba ta isa ta riƙe shi ba. Ya tsiro, rana ta gasa shi, mu koma mu ce ma wa ya ba mu gargasar Baba? Ban ba da tukunya."

Ban taɓa ce wa Yaya a'a ba, sai ranar. Ya dube ni ya daɗe. Sule ya daina sara yana kallonmu.

"Irin ga na gidanmu ne, kuma ni ab babba."

"Kai ab babba, ba mai musu. Amma ranar wuta ba kai ka ɗauko shi ba, ba ni ba. Larai ta ɗauko, a ɗakinta yake. In kana iya shiga ɗakin matar ƙanenka ka ɗauka, bismilla."

Na san ba zai iya ba, shi ma ya sani. Maganar ta yi nauyi, kuma da gangan na yi ta. Ya karkaɗe hannunsa, ya saɓa sungumi, ya juya. Maijidda ta bi shi tana "Baba Malam, Baba Malam," bai waiwayo ba.

Da ta dawo ta ce, "Baba, ka yi daidai, amma da ka sassauta."

Na ce, "Ke ma kar ki ɗauka kwalbarki na bi. Ƙasa na bi."

Kwana huɗu bayan nan anka sake yin ruwa. Ba mai yawa ba, amma ya isa. Gonar Sule ta tsiro layi-layi, kore shar. Duk hanyar Kasuwar Daji ta yi kyau, sai tamu a tsakiya, fili fetal kamar wurin sallar idi.

A tasha ba su bar ni na sha ruwa ba.

"Ga mai jiran milimita nan!" in ji Sule. "Gwadabe, in ta iso ka aiko a gaya muna, mu zo tarba. A mota za ta zo ko a mashin?"

"Ka ɗauki buhunka, Sule."

"Ni hatsina ya kai haka," ya nuna da yatsa. "Naka fa? Ko a tukunya za ya yi kai?"

Direbobi sunka yi ta dariya. Na ɗaga buhun masara na jefa a bayan mota da ƙarfin da ya fi na kullum.

Ba zan ce ban ji komai ba. Gargasa tana son kwana casa'in zuwa ɗari, ruwanmu kuwa yakan ɗauke ƙarshen Satumba. Duk kwanan da ya wuce, daga ƙarshe ake cire shi. In damina ta riga ta zauna ina nan ina taurin kai, to ni ne zan kashe irin da hannuna, ba fari ba. Kowace safiya kafin in tafi tasha sai na bi ta gonar na tona. Gaɓa biyu, gaɓa uku, sai busasshe. In koma.

Yaya ya daina zuwa gidana. A masallaci in mun haɗu ya miƙo hannu, ya amsa gaisuwa a taƙaice, ya wuce. Tsohuwarmu ta kira ni ta ce, "Kai tun kana yaro kanka kamar dutsin niƙa." Na ce, "Inna, a wurinki na samo." Ta jefe ni da mafici.

Sai sama ta rufe bakinta.

Kwana biyar babu ko ɗigo. Kwana takwas. Hadari ya taso daga gabas da la'asar, ya yi baƙi, iska ta zo ta watsa shi. Rana ta dawo irin ta bazara. Geron Sule ya fara naɗe ganye da hantsi, da farko yana warwarewa da yamma, daga baya ya daina warwarewa. Kwana goma sha biyu, gonakin jigawa sunka koma launin kara. In ka taɓa tsiron sai ya murƙushe a hannu. Na fadama ne kawai sunka tsira.

Sule ya daina tsokanata. Wata safiya na same shi a bakin gonarsa a tsaye. Ban ce masa komai a kan milimita ba. Shi irinsa na kasuwa ne, zai je Moriki ya auno wani ya sake. Na ce, "Allah ya mayar da alheri." Ya ce, "Amin. Kai dai ka tsira da naka." Na ce, "Tukuna."

Ran sha tara ga Yuni, bayan azahar, muna cikin lodin wata motar Shinkafi, sai iska ta tsaya cik. Zafi ya yi nauyi. Gabas ta yi baƙi tun daga ƙasa har sama, ba irin na kwanakin baya ba. Kafin mu ja tamfol ruwa ya sauko. Ba iska, ba hayaniya, ruwa ne kawai kamar ana juye randa. Ya yi ta yi har la'asar, ya koma yayyafi har magariba.

Da gari ya waye na tafi gona ko koko ban sha ba. Na tona. Yatsu sunka shige, tafin hannu ya shige, wuyan hannu ya shige. Na kai kusan gwiwar hannu ban taɓa busasshe ba. Na dunƙula ƙasar ta dunƙulu. Na je kusurwa huɗu na gonar, duk haka.

Ina dawowa na tarar da Maijidda a ƙofar gida da littafinta.

"Baba, talatin da ɗaya! Milimita talatin da ɗaya!"

"Na gani. Yau za mu shuka."

Sai murnarta ta ragu. "Baba, yawan ya kai, amma ba a tabbatarwa sai an ga bai ɗauke ba. Takardarmu ta ce ashirin da uku. Kwana uku ne kawai. Ka jira a ƙara ko sau ɗaya."

"Takardarku ta ce wajen ashirin da uku, ko ta ce ran ashirin da uku?"

"Wajen."

"To muna wajen. Ke da bakinki kinka ce naku motsi yake. Laimar da ke ƙasa yanzu za ta riƙe tsiro kwana goma ko ba a ƙara ba. In na jira kwana uku, saman ya sha iska, na yi asarar mafi kyawunta. Na ƙi ta Yaya da tauraronsa, ba don in zo in bi ranar da anka buga a takarda ba."

Ta dube ni, ta dubi hannuna da ke cike da laka har gwiwa. Ta ce, "To Allah ya sa albarka. Bari in je in ce ma oga yau ina gona."

Larai ta riga ta fito da tukunya tsakar gida. Ta juye irin a ƙwarya biyu. Sannan ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Maigida, wa zai yi saran farko?"

Na san da wannan. Tun a gona nake juya ta. Zan iya ɗaukar sungumi in je in sara, babu wanda zai kama ni. Amma gargasar Baba ba a taɓa shuka ta haka ba, kuma ba a kaina za a fara ba.

Na tafi gidan Yaya. Na same shi a zaure a kan buzu, takardun hisabi a baje a gabansa, tabarau a kan hanci. Na yi sallama na zauna.

"Yaya, ban zo gardama ba, kuma ban zo in ce na yi kuskure ba. Ƙasa ta jiƙa har gwiwar hannu. Na zo kiranka ka yi saran farko."

Ya gyara tabarau. Ya ɗauko wata takarda da ta yi ja don tsufa, ya miƙo mani.

"Duba nan."

"Ka san ban iya ajami ba."

"Ban ce ka karanta ba. Duba gefe."

A tsakiyar takardar akwai gidaje-gidaje da sunayen taurari, rubutu mai kyau da baƙar tawada. A gefe kuwa, a farin da ya rage, wasu ƙananan rubuce-rubuce ne birjik, wasu a karkace, wasu a kife, tawada iri-iri.

"Hannun Baba ne," in ji Yaya. "Shekara ashirin ina riƙe da littahin ga, na ɗauka addu'o'i ne yake rubutawa a gefe. Ban taɓa tsayawa na bi su ba, ido na tsakiya. Kwanakin ga da ruwa ya ɗauke na rasa abin yi, na zauna na bi su ɗaya-ɗaya." Ya sa yatsa. "Wanga ya ce, mun shuka gargasa Haƙ'a na da kwana goma. Wanga, Han'a, tauraro na biyu, na da kwana huɗu. Wanga, Han'a sha ɗaya. Ga wata shekara har Zira'a ta shiga, tauraro na uku. Ga wanga kuma: ruwan Haƙ'a ya yaudari mutane, mu ba mu shuka ba."

Ya cire tabarau ya goge ido da bakin riga.

"Shekara talatin da ɗaya na ƙirga. Sau shida kawai ya shuka cikin Haƙ'a. Ashe shi in tauraro ya shiga, gyaran sungumi yake yi ya fara zuwa gona yana tonawa. Ni ina makarantar allo a Zurmi lokacin, kai ke bin shi gona. Ni na ɗauki tsakiyar takarda, kai ka ɗauki gefe ba ka ko sani ba."

Ni ban iya irin wannan magana ba. Na ce, "Rana na yi, Yaya. Laima ba ta jira."

Ya yi 'yar dariya ta hanci. "Kai dai ba ka canzawa. Maganar ɗakin Larai kuwa ban manta ba."

"Ban ce ka manta ba."

"Miƙo man sungumi, ga shi can bayan ƙyaure."

Da hantsi muna gona. Yaya ya tsaya a kusurwar gabas, ya yi bismilla, ya ɗaga sungumi ya sara. Ƙasa ta buɗe baƙa. Larai ta jefa ƙwara, ta take da diddige. Saboda irin ya tsufa munka riƙa sa fiye da yadda aka saba a kowane rami. Bayan layi biyu gwiwar Yaya ta hana shi, na karɓa. Maijidda ta ɗauki ƙwarya ta biyu, tana jefawa tana kuskuren rami.

"Ke malamar gona," in ji Yaya daga gindin sabara, "a ofis ba a koya maku diddige ba?"

"Kwalba kawai anka koya muna, Baba Malam."

"Ai ga shi nan."

Kafin azahar tukunya ta koma fanko. Larai ta kife ta, ta buga gindinta, ƙwara biyu sunka faɗo, ta tona da yatsa ta binne su. Daga nan babu sauran abin da ya rage a hannunmu.

Kwana huɗu ya tsiro. Ba duka ba, akwai ramuka da sunka yi shiru, amma mafi yawa sun fito. Sai kuma ruwa ya yi shiru kwana shida. Maijidda ta riƙa zuwa kowace safiya tana duba tsiron. Ina tonawa ina samun laima a ƙasa, tana ja da baya kaɗan-kaɗan. A na bakwai anka yi ruwa mai kyau, bayan kwana biyu anka ƙara. Daga nan damina ta zauna. Da munka zo cira, abin da munka cire daga ramuka masu yawa munka dasa a waɗanda sunka yi shiru, ko ɗaya ba mu yar ba.

Ƙarshen Satumba gargasa ta nuna. Zangarniya kamar damtsen hannu, gashi tsaye a kanta. Tsuntsayen nan jan-baki sunka zo garke-garke, su yi shawagi a kan tamu su wuce gonakin da ba gashi. Sule, wanda ya sake shuka da irin Moriki, ya yini yana kaɗa gwangwani yana zagin tsuntsaye. Ya leƙo ta kan iyaka ya ce, "Gwadabe, baɗi ko tiya guda ka taimaka man." Na ce, "In milimita ta iso zan aiko a gaya maka." Amma na ba shi.

Kafin a yi girbi ni da Yaya munka bi gonar layi-layi da wuƙa, muna yanke kawunan da sunka fi tsawo da cika, kamar yadda Baba yake yi. Munka sussuka su daban. Tiya goma sha ɗaya ta iri. Wannan karon ban yarda a zuba a wuri ɗaya ba. Tukunya ɗaya a ɗakin Larai, ɗaya a gidan Yaya, ɗaya a gidan Maijidda, ɗaya kuma na ba wani direba amintacce ya kai wa ƙanwarmu da ke aure a Shinkafi.

Ranar da munka kai wa Yaya tasa, ya fito da takardar nan mai ja, ya nemo ɗan farin da ya rage a ƙasan rubutun Baba. Ya tsoma alƙalami a tawada ya rubuta, yana faɗa da baki: "Mun shuka gargasa Han'a na da kwana tara." Ya tsaya, ya dubi Maijidda ta saman tabarau.

"Nawa kinka ce kwalbar taki ta nuna ranar?"

"Talatin da ɗaya, Baba Malam."

Ya rubuta. Sannan ya juyo gare ni. "Kai kuma naka mi za a sa?"

Na ce, "Sa gwiwar hannu."

Ya sa.